Ƙamshin Itacen Hurumi a Gashin Baƙuwa

Shafi na 19

Salamu alaikum 'yan uwana. Na ga saƙonninku, har da masu cewa Tuda ta samu 'ya ta manta da mutane. Ban manta ba wallahi. Yanzu haka a saman soro nake, nan kaɗai sabis yake kamawa a garin nan. Itto tana kan cinyata tana tsotsar hannu, ni kuma da babban yatsa ɗaya nake rubutu. In kun ga kuskure ku gyara da kanku, kun san karatuna bai yi nisa ba.

Labari ne cike da bakina. Murna nake, kuma tsoro nake ji. Na zauna na tashi, na zauna na tashi, har Itto ta fara kallona kamar ba ta san ni ba.

Bari in ɗora daga inda na ajiye. Lalla Ijja, matar Amghar mai garinmu, tsaye a ƙofar gidan baƙi da sassafe, hannunta babu kwandon gurasa.

Yau fa layinta ne na kawo gurasa.

Masu bina tun farko kun san gidan nan ba namu ba ne mu kaɗai. Filin na jama'ar gari ne, mijina Addi makulli kawai aka damƙa masa. Gurasa layi-layi mata suke kawowa, alfadarai layi-layi ake haya, baƙi ma kullum da gidan da za su je su ci abinci. Sharaɗi ɗaya dattawa suka kafa ranar ba da makulli: ko tsinken itacen hurumi kada ya shiga wutar gidan. Tsofaffin bishiyoyin tawalt nake nufi, waɗanda ke saman gari, su suka riƙe dutsen kada ya zubo mana. Ko reshe ne ya faɗi don kansa, a nan zai ruɓe. Shi ya sa muke fama da sola da tukunyar gas. In mai makulli ya taɓa hurumi, makulli ya bar gidansu ke nan.

To na ce mata ta shigo, shayi yana kan wuta. Ta ce ba za ta sha ba.

A garin nan in babba ya ƙi shayinka, fara addu'a kawai.

Ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba, ta wuce ni ta zagaya bayan ɗakin wanka. Na bi ta, Itto a baya. Ta durƙusa a bakin murhu da tsufanta, ta zura hannu ta ɗebo toka, ta murza, ta kai hanci.

Ta daɗe a haka.

Sannan ta ce min jiya baƙuwarmu, Madam Kilodin, tsohuwar Bafaransiyar nan, a gidanta ta ci abinci. Da ta sunkuya wanke hannu, ita Lalla Ijja tana zuba mata ruwa, sai ga gashin matar a ƙarƙashin hancinta.

"Rabona da jin wannan ƙamshi a kan mace tun ina amarya, kafin a rufe hurumi."

Ni wauta, har da washe baki nake mata bayani. Na ce ai hadari ne ya rufe mu kwana da kwanaki, sola ko ɗumi babu, ga matar ta sauko daga dutse tana ɗingishi, gwiwa ta kumbura. Sai na tuna ragowar itacen jegona da ke ƙarƙashin buhuna a ɗakin alfadarai, wanda Addi ya sayo a kasuwar Damnat. Na hura mata. Ta fito sai sumbatar kumatuna take tana tambaya wane turare ne.

Lalla Ijja ta goge hannu a zaninta.

"Yarinya, babu mai sayar da tawalt a Damnat."

Na juya na kalli tokar murhun.

Ta ce ni 'yar gangare ce, ba a dutsen nan aka haife ni ba, hancina bai san shi ba, ba ta ga laifina ba. Amma Amghar ya ji ƙamshin, kuma ba zai iya cewa bai ji ba, don Hammu mai shago yana wurin, hancinsa kuwa ya fi na kare. An riga an yi shela, jama'a za ta zauna bayan la'asar a filin sussuka, a taho da makulli.

Ta ɗan shafa kumatun Itto ta tafi.

Daga nan har azahar ban san abin da na yi ba. Na share ɗaki ɗaya sau biyu, na zuba gishiri a shayin mijin Madam, bawan Allah ya shanye tas, wataƙila ya zaci al'adarmu ce.

Addi yana dawowa daga raka wasu baƙi kan dutse na ja hannunsa zuwa ɗakin ajiya. Ban ma gama faɗa ba ya tare ni.

"Ni na saro shi."

Ko mamaki bai yi ba. Ko ya tambaye ni wane itace.

Na ce yaushe? Ya ce da sanyi. Na ce wace rana? Ya ce ba ruwana.

Na ce Addi, ni fa haihuwa na yi, ba hauka ba. Naƙuda tana fara min ka sauka Damnat ɗauko ungozomar asibiti, dusar ƙanƙara ta rufe hanya a bayanka, sai ana gobe suna ka iso. Ruwan zafi kuwa tun ina kwana uku aka fara dafa min. Aljani ka aiko da itacen?

Ya kalli ƙofa, ya kalle ni.

"Tuda, ki toshe bakinki yadda kike toshe tulun man shanu. Ban da ke da Rkiya babu wanda ya san ranar da itacen ya shigo."

Ya fice. Ko sirdin alfadari bai sauke ba, na ga ya miƙe hanyar saman gari.

Rkiya ƙanwarsa ce, ita ke riƙe mana da girki, kuma ita ce ta ce min a kasuwa aka sayo itacen. Na same ta tana murza kuskus, kai a ƙasa, tana murzawa kamar garin ya yi mata laifi.

Na ce Rkiya, wa ya kawo itacen?

Ta ce in miƙo mata rariya.

Na ce wa ya kawo?

Ta ce wai Itto ta yi kashi, ina ji? Na ce ko zawo ta yi ba inda za ni. Na ce wallahi in ba ki faɗa min ba, yau mata za su san wanda yake kiranki a waya kina gudu bayan akurkin kaji, har muryarki tana zama siririya.

Ta ce ni muguwa ce, duk 'yan gangare haka muke. Sai kuma idonta ya kawo ruwa. Ta tashi ta tura ƙofa.

"Baba ne."

Na ce wane Baba?

"Baba nawa gare ni?"

'Yan uwa, Dda Bassu fa. Surukina. Mai gadin hurumin da kansa, wanda sandar gadi take hannunsa tun Addi yana ƙarami. Mutumin da ya ci ƙanensa tara a kan reshen da bai kai tsawon muciya ba. Tun da aka buɗe gidan baƙi bai taɓa taka ƙofar ba, wai gidan masu gajeren wando. Ni kuwa tun da aka kawo ni bai taɓa kiran sunana ba, sai dai 'yar gangare. In na gaishe shi alfadarinsa yake kallo ya amsa. Na sha kuka a kan tsohon nan, kun karanta a baya.

Rkiya ta ce ban san halin da na shiga ba a kwanakin nan. Zazzaɓi ya kama ni, haƙora suna haɗuwa, ina kiran sunan innata. Gas ya ƙare, sola tana ƙarƙashin ƙanƙara, kashin shanun da ake ƙonawa ya jiƙe sai hayaƙi. Leɓen Itto ya fara yin shuɗi. Ta ruga gidan Baba tana kuka, ya ce ta koma. Gari yana wayewa ta ji an jefar da abu a ƙofar baya. Ta buɗe, ga shi tsaye, ƙanƙara har gemu, ga damin itace a ƙasa.

Abin da ya ce mata kawai, in bakinta ya buɗe ba shi ba ita. Sai da Addi ya dawo ya ga itacen ya gane, ya ce su ɓoye ragowar su ce daga kasuwa ne.

Kun san me na yi?

Dariya. Dariya da hawaye, ina zagaya madafa da goyo a baya kamar an ce min na ci Makka. Ashe tsohon nan yana sona. Ashe ya san ina raye a garin nan. Ya hau dutsen nan cikin ƙanƙara har gwiwa, ya karya dokar da ya tsare duk rayuwarsa, don ni, 'yar gangare.

Rkiya ta ce in zauna, ban da hankali. Ta ce in lissafa mana. In Addi ya ɗauki laifin, makulli ya tafi, Hammu kuwa ya daɗe yana nema wa ɗansa, mai son rushe ginin ƙasa ya zuba siminti, ya sayo burodin leda daga birni. Matan layin gurasa su koma me? In kuma aka gane Baba ne, gidan ya tsira, amma za a karɓe sandarsa a gaban jama'a, kuma har ya mutu ba za a sake karɓar shaidarsa ba, ko a kan cinikin akuya.

Abin da ya fi, ta ce, ai mai gadi ne yake tashi ya tabbatar da mai laifi. Sai ya ce haka ne kafin a yanke.

Wato da bakinsa zai kama ɗansa.

Dariyar ta tsaya.

Na gyara goyo na fita. Rkiya tana kirana ban juya ba.

Na same shi a ƙofar gidansa yana ɗinke buhun sirdi, sandar tana jingine da bango. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa wa buhun.

Na ce Dda, godiya na zo.

Ya ce bai ba ni komai ba.

Na ce ruwan zafi.

"Rana ce take dafa muku ruwa. Haka ɗana ya ce da ya jera gilasai a kan soro kamar mahaukaci."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na kwance Itto na ɗora masa a cinya, a kan buhun. Bai taɓa ɗaukarta ba fa, ko ranar suna, duk da sunan marigayiyar matarsa aka sa mata. Ya ɗaga hannuwa sama kamar na ɗora masa garwashi. Ya ce in ɗauke ta, allura tana hannunsa. Ita kuwa 'yar banza ta cafki gemun ta riƙe gam, tana masa wannan dariyar tata ta dadashi.

Ya ajiye allurar.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce goshin kakarta ta ɗauko, Allah ya sa kada ta ɗauko bakin.

Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce a irin wannan sanyi aka haifi Rkiya, uwarta ba ta tashi daga jegon ba. Lokacin ba a daɗe da ba shi sanda ba.

"Na tsare hurumi sau ɗaya na binne mace. Ban yi wa kowa alkawarin sau biyu ba."

Na ce to Dda, me za ka faɗa a filin sussuka?

Ya ce ai an riga ni zuwa. Yanzu Addi ya bar nan. Wai Addin ya shiga ɗaki ya ɗauko Alƙur'ani ya dafa, ya rantse in ubansa ya tashi ya kira sunan kansa a gaban jama'a, shi zai bar garin, ya kwashe ni da Itto zuwa Kazablanka, ba zai sake shan ruwan garin nan ba. Wai ya fi son a ce masa ɓarawon itace da ya ga an karɓe sandar ubansa.

Na ce Kazablanka? Ni da ko Marrakish na je kaina ciwo yake?

Ya ce taurin kai ne, a wurin uwarsa ya gado. Na ce a raina, to.

Na sake tambaya me zai ce.

Ya zare gemunsa daga hannun Itto a hankali, yatsa ɗaya-ɗaya, ya miƙo min ita.

"Tashi, 'yar gangare, kin tare min rana."

Ana sallame la'asar maza suka fara taruwa. Mu mata muka hau soraye kamar kullum, daga nan ake jin komai. Madam Kilodin ta ɗauko abin hotonta wai za ta ga taron gargajiya, Rkiya ta zaunar da ita ta tula mata wake a tire ta ce ta ɓare, wai shi ma gargajiya ne.

Aka shimfiɗa tabarma a gaban Amghar. Addi ya fito da makullin ya ajiye, babban makullin ƙarfen nan mai jan zare. Aka ajiye guntun itacen a gefensa. Har saman soro nake ganin yadda maza suke miƙa wa juna suna shinshinawa suna girgiza kai.

Hammu ya fara. Ya ce shi fa ba shi da magana, amma gidan da ake gaya wa Turawa ko ashana sai an nemi gafararta kafin a ƙyasta, ashe da dare kakanninmu ake ƙonawa. Wasu suka yi dariya. Ya ce shi ya taɓa faɗa, yaro da makulli sai ɓarna.

Amghar ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya tambayi Addi.

Addi ya miƙe ya ce shi ne. Shi ya hau, shi ya sara, shi ya ɗauko, babu wanda ya sani. Murya ko rawa babu. Wallahi da ban sani ba ni ma da na yarda.

Amghar ya juya.

"Bassu, kai ne idon hurumi. Haka aka yi?"

Tsohon yana zaune, hannu biyu a kan sanda, haɓa a kan hannu. Bai motsa ba.

Amghar ya sake tambaya.

Na ga leɓensa yana motsi, babu abin da ya fito. Addi ya kafe shi da ido. Hammu ya ce shirun uba ai amsa ce, kada a wahalar da dattijo. Wasu suka ce gaskiya ne. Hannun Amghar ya fara tafiya wajen makulli.

Ban san lokacin da na sauka daga soron ba. Na dai ji Rkiya ta riƙo zanina na fizge.

Mace ba ta shiga da'irar maza a filin sussuka. Hanya ɗaya ce, kuma tun da na zo garin ban ga an yi ba, a bakin tsofaffi nake ji. In uwa ta ajiye jaririnta a ƙasa a gaban mai hukunci, ta ɗora masa nauyi ke nan, ba ya yanke komai sai ya saurare ta, in ya ƙi kuwa abin yana bin gidansa.

Na ratsa su. Takalmina ɗaya ma a hanya ya fita. Na kwance Itto na shimfiɗe ta a tabarmar, tsakanin hannun Amghar da makulli.

Filin ya ɗauki gunaguni. Na ji Addi ya kira sunana a hankali, irin kiran da yake nufin za mu haɗu a gida.

Amghar ya janye hannunsa. Ya kalli Itto, tana ta harbin iska abinta.

"Kin ɗaure ni, yarinya. Faɗi."

Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Na ce ni ban iya magana ba, abu ɗaya na sani. Da itacen nan aka dafa min ruwa tun ina kwana uku da haihuwa, lokacin da zazzaɓi ya so kashe ni. A ranar kuwa Addi yana Damnat, hanya a rufe. Na ce a tambayi Hammu, ai tare ƙanƙara ta tsare su, a gareji ɗaya suka kwana, har Addi yana ba ni labarin yadda Hammun ya cinye masa sardin.

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka harare shi.

Amghar ya kalli Hammu. Hammu ya sosa wuya, ya ce to, eh, an yi haka, amma sardin ɗin gwangwani ɗaya ne.

Amghar ya dawo kaina. Ya ce in ba Addi ba ne, wa ya kawo?

Na ce ni ina kwance ban san inda kaina yake ba. Ban ga kowa ba.

Gaskiya na faɗa ai.

Ya ce to a kira Rkiya.

A nan ne Dda Bassu ya dogara sanda ya miƙe. Addi ya ce Baba, na rantse fa. Tsohon bai ko kalle shi ba. Ya ce a bar yara su huta.

"Ni na sare, da gatarina. Bishiyar da ke kusa da ƙorama, na shafe wurin da laka, ku je ku gani. In aka sake irin wannan sanyi da mace a kwance a gidana, zan sake."

Ya tako har gaban tabarma. Bai jira an karɓa ba, ya kwantar da sandar da kansa a gefen Itto. Da ya miƙe babu abin dogarawa sai ya ɗan yi tangaɗi, na kai hannu, ya riƙe kafaɗata.

"Riƙe ni da kyau, Tuda."

Sunana fa. A gaban duk gari. Ashe ya san shi.

A kan soraye na ji mata suna jan hanci. Liman ma ƙasa yake kallo.

Amghar ya kira dattawa biyu suka yi ƙus-ƙus. Da ya juyo ya ce doka doka ce, sanda ta bar hannun Bassu, sauran maganarsa sai jama'a ta sake zama. Gidan baƙi ba shi da laifi tunda ba mai makulli ne ya sara ba, don haka makulli ba ya barin gidan da aka ba. Amma wanda ya miƙe a filin sussuka ya faɗi abin da ba haka ba, ko don ubansa ne, makulli ba ya komawa hannunsa.

Hammu ya fara gyara zama.

Amghar ya sa yatsa ɗaya a kan makullin ya turo shi a kan tabarma. Ya wuce gaban Addi. Ya wuce ƙafar Itto. Ya tsaya a gabana.

Ya ce in riƙe, tunda ni ce na sauko.

Hammu ya ce mace? 'Yar gangare ma? Daga saman soro muryar Lalla Ijja ta sauko, ta ce ai shi ma mace ce ta haife shi, kuma ta san uwarsa, daga gangare aka kawo ta. Mata suka kwashe da dariya har da guɗa.

Ni dai ina durƙushe ina kallon jan zaren nan. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa ba mace makullin komai ba sai na rumbun gidanta.

Addi ya sunkuyo. Fuskarsa ban taɓa ganinta haka ba. Bai ɗaga murya ba, ni kaɗai na ji.

"Kada ki taɓa shi. Na dafa Alƙur'ani. Ɗauki 'yarki ki je ki haɗa kaya, motar kasuwa da safe take sauka."

Ya juya ya bar filin.

Na ɗauki Itto. Na goya ta, na ɗaure zani da kyau, kowa yana kallona. Dda Bassu yana tsaye a gefena bai ce ɗauki ba, bai ce bari ba.

'Yan uwa, makullin nan yana cikin rigata yanzu da nake muku rubutu, sanyinsa har ƙirjina. Gobe layin Lalla Ijja ne ta rama gurasar yau, akwai baƙi shida masu isowa da azahar, ban ma gyara musu shimfiɗa ba. Ban haɗa ko tsumman Itto ba.

Tun ɗazu ina jin Addi a ƙasa yana jan akwati, yana buɗe wannan yana rufe wancan.

Yanzu ya daina.

Ga takunsa nan a matakala.